Babi Na Biyar: Sassaƙar Mazubin Roba

Wanda duk ya kife bokitin roba ya dubi gindinsa da idon basira, zai tarar da wani ɗan tudu a tsakiya daidai; in kuma ya juya kujerar roba ya bi ƙarƙashinta da kallo, zai ga waɗansu 'yan da'irori nan da can, da wani siririn layi da ya bi gefenta tun daga majingina har ƙafafu. Waɗannan alamomi uku su ne abin da mazubi ya bari a jikin abin da aka zuba a cikinsa: tudun shi ne ƙofar da narkakkiyar roba ta shiga, da'irorin sawun sandunan da suka tunkuɗo kayan waje ne bayan ya daskare, layin kuwa shi ne mahaɗar ɓangarori biyu na mazubin. Ban da su babu abin da mai saye ke gani na wannan ƙarfe, alhali kuwa kowace kusurwa da kowane lanƙwasa da ke jikin abin da ya saya, har da santsinsa da sheƙinsa, daga ƙarfen nan ya gaje su.

Injin zubi kansa tsohon abu ne. John Wesley Hyatt da ɗan'uwansa Isaiah suka yi rajistar irinsa na farko a Amurka cikin 1872, a zamanin da ake neman abin da zai maye gurbin hauren giwa, kuma a 1946 James Watson Hendry ya ƙera wanda ke da murɗaɗɗen ƙarfe a cikinsa, mai juya tsabar roba yana narkar da ita kafin ya tura ta gaba, wanda a bisa tsarinsa ake tafiya har yau. Amma inji abu ne da kowane mai kuɗi ke iya saye, kuma inji guda yana iya zubin bokiti yau, gobe ya zuba baho. Abin da ba ya sayuwa a kan kanta shi ne mazubi, domin kowane kaya da nasa, kuma sai an sassaƙa shi takanas daga curin ƙarfe, aikin da kan ci makonni, wani lokaci watanni. Arahar da muke gani ga kayan roba, asalinta ke nan: an tara wahala da lissafi da tsada duka an biya su sau ɗaya a jikin mazubi, sa'an nan aka rarraba su a kan dubun dubatar kayan da zai haifa, har rabon kowane guda ya zama bai taka kara ya karya ba. Sai dai ƙa'idar da ta rarraba tsadar ita ce kuma ke yawaita aibi, gama kuskuren da maƙeri ya bari a cikin ƙarfe zai bayyana a jikin kowane kaya, daga na fari har na ƙarshe.

Don mai karatu ya san miƙdarin abin da ake nema daga wannan ƙarfe, bari mu yi ɗan lissafi. Roba takan shiga mazubi da zafin da ya zarce digiri 200, kuma ana danna ta da ƙarfin da kan kai kimanin kilo 300 a kan kowane murabba'in santimita, ko fiye. Bokitin da faɗin bakinsa ya kai santimita 30 yana da fili wajen murabba'in santimita 700, saboda haka ƙarfin da ke neman tsage mazubin biyu ya haura tan 200, kuma wajibi ne inji ya matse shi da abin da ya fi haka. A cikin wannan hali, in akwai rata tsakanin ɓangarorin biyu wadda ta kai kaurin gashin kai, wato wajen kashi 7 cikin 100 na milimita, lalle roba za ta kutsa ta cikinta, ta fito da wani ɓawo mai kaifi a gefen kayan. Curin ƙarfe biyu ke nan, masu nauyin ɗaruruwan kilo, na kujera ma tan da yawa, ake so su haɗu su rabu sau dubbai a mako, kuma kowace haɗuwa kada ta saɓa da abin da ya kai gashi guda.

Mas'ala ta farko da mai wannan sana'a ke fuskanta ta tunani ce, tun ƙarfe bai zo hannu ba. Mazubi akasin kayan ne, kamar yadda mai sassaƙa hatimi ke rubuta sunan alƙali a juye don ya fito daidai a kan takarda: inda kayan ke da tudu, nan mazubi ke da rami, inda kayan ke da huda, nan mazubi ke da ginshiƙi. Ɓangare ɗaya, macen, rami ne da ke ba kayan zahirinsa. Ɗayan, namijin, curi ne da ke shiga cikin ramin ya ba shi baɗininsa. Sararin da ya rage tsakaninsu, wanda a bokiti bai wuce milimita biyu ba, shi ne kayan. Bayan haka roba tana tsukewa in ta huce, kuma kowace iri da gwargwadonta. Folifurofilin, wadda da ita ake yawancin bokitai da kujeru, takan tsuke da kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, ABS kuwa wajen rabin kashi ɗaya kawai. Ashe wanda ke son bakin bokiti ya fito santimita 30, sai ya ƙara masa milimita huɗu ko biyar a ƙarfe. Sa'an nan ba a yarda bango ya miƙe sak ba, sai an ɗan karkatar da shi digiri ɗaya ko biyu, domin robar da ta tsuke takan rungume namijin ƙam, in ba karkata ba za ta saki ba. Dalili ke nan babba da ya sa bakin bokiti da na kofi suka fi gindinsu faɗi.

Wanda ke son ganin yadda wannan ilimi ke kafuwa a wuri ɗaya har ya zama gado, ya dubi wani gari a ƙasar Fotugal mai suna Marinha Grande, arewa da Lisbon, kusa da teku. Garin masu gilashi ne tun kafin 1769, lokacin da wani Bature ɗan Ingila, William Stephens, ya karɓi masana'antar gilashi a can, yana hura wutarta da itacen babban dajin Leiria da ke maƙwabtaka. Kwalba kuwa a cikin mazubin ƙarfe ake busa ta, saboda haka garin ya daɗe da maƙeran da suka san yadda ake fafe ƙarfe. A cikinsu akwai Aníbal Abrantes, wanda a 1943 ya ƙudura juya akalar 'yar maƙerarsu zuwa mazuban roba. Ɗan'uwansa kuma abokin tarayyarsa, Aires Roque, bai yarda ba, ya sayar da rabonsa ya tsaya ga gilashi. Bayan 'yan shekaru Abrantes ya fitar da mazubinsa na farko na injin zubi, kuma kafin ƙarshen shekarun 1950 an fara kai aikin garin Ingila da Amurka. Abin da ya fi jan hankalina a tarihin nan shi ne hanyar da sana'ar ta yaɗu: almajiran da suka koya a wurinsa suka riƙa fita suna kafa nasu, nasu almajiran su ma suka yi haka, har garin da maƙwabtansa, tare da Oliveira de Azeméis a arewa, suka zama cibiyar da masu ƙera motoci na Turai ke kai wa aiki, kuma mafi yawan abin da suke ƙerawa ƙetare yake tafiya. Irin wannan taruwa ta auku a Huangyan ta ƙasar Sin, da Windsor ta Kanada. Ba na tsammanin katari ne. Ilimi ne da rabinsa ba ya shiga littafi, sai an tsaya kusa da gwani shekara da shekaru. Masana'antun roba na Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano suna zuba kaya masu yawa, amma galibin mazuban da ke cikin injunansu daga waje aka kawo su, kuma a ganina wanda ke da reshe bai riƙi asali ba, da sauran aiki a gabansa.

Zaɓen ƙarfe yana bin yawan kayan da ake nufi da irin robar. Akwai wanda ake kira P20, mai matsakaicin tauri, wanda ake sassaƙawa a yi aiki da shi kai tsaye, kuma shi ne na yau da kullum ga manyan mazubai. Akwai H13, da ake sassaƙawa yana da taushi sa'an nan a gasa shi ya yi tauri, don mazubin da ake so ya haura zubi miliyan, ko robar da aka cuɗa da zaren gilashi mai cin ƙarfe. In kuwa PVC za a zuba, wadda ke fitar da tururi mai guba ga ƙarfe, to, sai wanda ba ya tsatsa. Alminiyam ma yana aiki in kayan kaɗan ne.

Kashin bayan aikin shi ne injin sassaƙa, wanda ke juya wani tsinke mai haƙora yana tafiya da shi cikin ƙarfe. A zamanin Abrantes, in surar tana da lanƙwasa, sai a fara sassaƙa samfurinta da itace ko wani abu mai taushi, a ɗora a gefen inji, wani ɗan yatsan ƙarfe yana shafa samfurin, tsinken kuma yana kwaikwayon motsinsa a cikin curi. Abin da ya saura sai kurfi da magagari da haƙuri. Wannan ya canja ne daga tunanin John Parsons, mai ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu a jihar Mishigan, wanda ya ga ana iya sarrafa inji da lambobi, har aka nuna injin farko mai bin hudajjen tef a jami'ar MIT cikin 1952. Yau surar tana cikin kwamfuta, kuma ita ke lissafa hanyar da tsinke zai bi. Ana farawa da babban tsinke a kwashe mafi yawan ƙarfen da gaggawa, a bar bango hawa-hawa da ɗan saura na ƙasa da milimita. Sa'an nan a zo da ƙananan tsinkaye masu zagayayyen kai, suna juyi sau dubu ashirin ko fiye a minti, suna bin bangon layi bayan layi. Tsakanin kowane layi da na kusa da shi wani ɗan tudu yana raguwa, wanda farce ke ji ko ido bai gani ba, kuma a nan mai inji ke auna maslaha: in ya matso da layukan kusa, inji zai kwana yana aiki, in ya buɗa su, ya bar wa mai goga wahala. Tun ƙarfen yana da taushi kuma ake huda masa dogayen hanyoyin ruwa, da wani siririn mahudi da ke feso mai ta cikinsa yana koro ɓarɓashi, domin fiye da rabin lokacin kowane zubi jiran roba ta huce ne, kuma daƙiƙa biyu da aka rage a zubi ɗaya, a kan zubi miliyan, kwana ashirin ne da ɗoriya.

Gashin wuta yana ba ƙarfe tauri, amma yakan ɗan murɗe shi, shi ya sa ake barin saura. Bayan ya fito daga wuta sai a ɗora shi a injin wasa, dutse mai juyi yana shafe fuskarsa kaɗan kaɗan har ta daidaita.

Akwai iyakar da tsinke mai juyi ba ya ƙetarewa, komai ƙanƙantarsa. Tun da yake zagayayye ne, ba ya iya fitar da lungu mai kaifi daga ciki, kuma ba ya iya zurfafa cikin siririn tsagi, irin wanda zai haifi haƙarƙarin da ke ƙarfafa ƙarƙashin kujera, ba tare da ya lanƙwashe ko ya karye ba. Mafitar wannan ta zo daga inda ba a zata ba. A Tarayyar Sobiyet, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, an ɗora wa waɗansu masana biyu, miji da mata, Boris da Natalya Lazarenko, binciken yadda za a hana tartsatsin lantarki cinye makunnan wuta. Ba su sami hanyar hanawa ba, amma sun lura cewa in aka tsoma ƙarafan cikin mai, cin yakan zama mai tsari da za a iya sarrafawa. Sai suka juya illar ta zama amfani, kuma a 1943 suka fito da hanyar sassaƙa ƙarfe da tartsatsi.

Ga yadda abin ke gudana. Ana sassaƙa surar da ake so a jikin jan ƙarfe, ko a jikin baƙin ma'adinin nan da ke cikin fensir, waɗanda duka biyu suna da taushi kuma wuta tana ratsa su. Wannan sura ba juyayya ba ce, surar kayan ce ita kanta, tun da rami za ta bari. A nutsar da curin mazubi cikin wani mai mai kama da kananzir, a sauko da surar a hankali har ya rage 'yar rata wadda sau da yawa ba ta kai kaurin takarda ba, sa'an nan a saki wuta. Tartsatsi yakan yi tsalle ta inda ratar ta fi ƙunci, da zafin dubban digiri, ya narkar da ɗigon ƙarfe da ido ba ya gani, wutar ta yanke, mai ya wanke ɗigon, wani tartsatsin ya tashi a wani wurin. Haka sau dubbai a daƙiƙa guda. Mai tsaye a gaban inji ba ya ganin kome sai man da ke yin baƙi, da 'yan kumfa, da ƙara siririya kamar ta suya, surar kuwa tana nitsewa cikin ƙarfen da magagari ba ya kama shi, alhali ba su taɓa juna ba ko sau ɗaya. Taurin ƙarfe ba ya hana tartsatsi, saboda haka ana iya yin wannan bayan gashi, lokacin da murɗewa ta riga ta wuce. Amma kowace ni'ima da sharaɗinta. Aikin yana da nawa. Surar ita ma tana cinyewa, musamman a kusurwoyi, don haka akan yi biyu ko uku, ta fari don ci da wuta mai ƙarfi, ta ƙarshe don gyara da wuta kaɗan. Kowace kuma sai an rage girmanta gwargwadon ratar tartsatsinta. Bayan an gama, fuskar ƙarfen takan saura da wata siririyar fata mai gautsi, narkakken ƙarfen da ya sake daskarewa, wadda in ba a kankare ta ba tsaga na iya farawa daga gare ta.

Wannan hanya tana da 'yar'uwa, wadda kamfanin Agie na Suwizalan ya fitar kasuwa a 1969: siririyar wayar tagulla, mai kaurin rubu'in milimita, tana zarya daga sama zuwa ƙasa cikin tataccen ruwa, tana yanka ƙarfe da tartsatsi a bisa layin da kwamfuta ta shata. Da ita ake fitar da ramukan sandunan tunkuɗa masu kusurwa, da gurabun ƙananan guntaye da ake cusawa a mazubi.

Bayan duk waɗannan injuna masu tsada, aikin yakan koma hannun mutum guda a zaune gaban tebur, da fitila, da gilashin ƙara gani, da jerin duwatsu. Mai goga yana farawa da dutse mai kaushi ya share sawun tsinke da na tartsatsi, ya koma wanda ya fi laushi, kuma duk sa'ad da ya sauya dutse sai ya sauya fuskar da yake bi, domin sabon karce ya ratsa tsohon, ya san ya gama ne in tsohon ya ɓace sarai. Kafin ya ɗauki na gaba kuwa sai ya wanke ƙarfen da hannuwansa, gama ƙwayar yashi ɗaya ta dutsen baya tana iya mai da shi farkon aiki. Daga duwatsu sai takardar goga, daga nan sai man garin lu'ulu'u a bakin ɗan itace ko a kan auduga. A bango mai zurfi, shafar ƙarshe tilas ta bi hanyar da kayan zai fita, in ba haka ba karcen da ya gitta zai riƙe robar. Haɗarin aikin yana ga wuce haddi: wanda ya danna da yawa zai ga fuskar ta yi ƙuraje maimakon sheƙi, wanda kuma hannunsa ya zame ya dakusar da bakin mahaɗa ya buɗe wa roba ƙofa. Mazubin murfin fitilar mota, wanda ake so ya zama madubi, yana iya cin kwanaki masu yawa a wannan tebur. Ban san wani mataki a cikin sana'ar da ya fi wannan buƙatar natsuwa ba, kuma masu shi ba su da yawa a ko'ina.

Sai haɗawa. Ana shafa wani shuɗin maiko, siriri ƙwarai, a fuskar ɓangare ɗaya, a rufe mazubin, a buɗe, a duba inda shuɗin ya kama a ɗayan ɓangaren: inda ya kama nan suka taɓa, inda ya saura fari akwai rata. Maƙeri ya rage tudun da ya hana, ya sake shafawa, ya sake rufewa, har shuɗin ya zagaye bakin ramin ba yankewa. Da ya tabbatar mazubin ya rufe ruf, sai kuma ya koma da gangan ya buɗa waɗansu 'yan hanyoyi a bakin mahaɗar, masu zurfin kashi biyu ko uku cikin ɗari na milimita, waɗanda iska ke iya bi amma roba ba ta iyawa. Sababin haka shi ne ramin da muke cewa fanko cike yake da iska, kuma in roba ta rutsa ta a lungu ba mafita, matsi yakan zafafa ta har ta ƙona kayan, a ga baƙin tabo a gefe, ko kuwa lungun ya ƙi cika.

Ranar gwaji akan ɗaga mazubin da sarƙa a ɗaura a inji, a haɗa masa tiyon ruwa, kuma ba a cika shi a zubin farko. Ana tura roba kaɗan, a ƙara, a ƙara, ana jera guntayen a kan tebur don a ga hanyar da ta bi da inda ta makara. Daga nan a auna cikakken kaya a gwada da zane. Da wuya gwajin farko ya fito ba gyara, kuma maƙeran sun san haka tun kafin su fara, shi ya sa duk inda suke shakkar awo sukan bar ƙarfe ya yi yawa, domin ragewa aikin awa ne, mayarwa kuwa sai walda, walda kuma takan bar tabon da ke iya fitowa a jikin roba. Akan sauke mazubin a kai shi maƙera a gyara, a dawo da shi gwaji na biyu, wani lokaci na uku, ana aika samfuri ga mai kaya har ya sa hannu. Sa'an nan a busar da hanyoyin ruwa, a shafe fuskokin da man hana tsatsa, a ɗaure ɓangarorin biyu da ƙarfe don kada su buɗe a hanya, a haɗa da zanensa da takardar da ke bayyana zafi da matsi da daƙiƙun da aka gwada shi a kansu, a rufe cikin akwatin katako a kai tashar jirgin ruwa.